Madarar Shagon Yaya

Talata, bayan an tashi daga makaranta

Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan kana lafiya, kai da Anti da yara baki ɗaya. Yaya kasuwa, yaya kuma gwiwar nan da ke damunka? Ni ma ƙalau nake, sai dai raina a ɓace yake, domin na gano ana cutarka. Na kira wayarka sau uku ba ka ɗauka ba, maganar kuma ba ta kwana ba ce, shi ya sa na rubuto na saka a jakar 'yarka Likita ta kawo maka. Kai ka laƙa mata sunan nan tun tana rarrafe, ga shi yanzu har malamai da shi suke kiranta.

Ka san 'yan ajin ƙarshe saura mako huɗu su shiga jarrabawa, kuma cikin abin da ake sa su yi da hannunsu har da gwajin sitaci. Abu ne mai sauƙi. A ɗiga ruwan aidin a kan abinci, in akwai sitaci ya rikiɗe ya koma shuɗi mai duhu kamar tawada, in babu ya zauna da launinsa na ruwan shayi. Shekara goma sha ɗaya ina koyar da darasin nan, kuma doka ɗaya na kafa wa yarana: ba a yanke wa abinci hukunci sai an tsayar da shaidu biyu. Kwalba ɗaya ta ruwa zalla, ɗaya ta ruwan dafaffiyar shinkafa. In ruwa bai sauya ba, shinkafa ta yi baƙi, to aidin lafiyarsa lau, sai a ci gaba. Malama Shaidu suke kirana in na juya baya, sun ɗauka ban sani ba.

Jiya na ce kowa ya zo da ɗan abinci daga gida. Yau aka zo da dankali, burodi, ƙwai, albasa, wata ma ta zo da alewa ta shanye rabi a hanya. Likita ta zo da madarar gari a ƙullin leda, ta ce daga buhun shago ta ɗebo. Na ji daɗi, don madara ba ta da sitaci, kullum da ita nake nuna musu abin da ba ya sauyawa. Har na ɗaga ƙullin sama na ce ku dubi madarar shagon yayana. Na dama, na ɗiga. Kafin ɗigo na biyu ya sauka kwalbar ta rine.

Yara arba'in da uku suka zuba mini ido. Na ce wataƙila kwalbar ce ba a wanke ba. Na ɗauko sabuwa, na dama wata, na tafasa, na bari ta huce, na sake ɗigawa. Ta ma fi ta farko duhu. Shaidun nan biyu kuwa suna tsaye a kan tebur kowa yana ganinsu. Ita Likita ta kafe kwalbar da ido har aka buga ƙararrawa.

Yaya, mutumin nan da ke kawo maka buhuna shi ne ɓarawon. Tun ranar da na gan shi yana kiranka babban yaya yana washe baki, hankalina bai kwanta da shi ba. Gari yake zuba maka a ciki, ko na masara ko fulawa, ya ɗinke buhu ya kawo maka da sunan madara. Ka tuna su wa ke sayen madarar awo. Matan da ba su da halin ta gwangwani ne, su dama wa yaran da aka yaye. Uwa ta ɗauka madara ta ba ɗanta, ashe ruwan gari ta ɗura masa. Ka ɗaure buhun nan yau, kada ka ƙara sayar da ko cokali ɗaya. In ya zo ka riƙe shi da hira ka sa a kira ni, in yi masa gwajin a gaban idonsa, gani ya kori ji.

Ka lallashi yarinyar nan, ta sha kunya yau. Ka gaishe da Anti da yara.

Ƙanwarka,
Auta


Litinin

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina fatan kowa lafiya. Na gaishe ka ne don Inna ba ta koya mini fara magana ba sallama ba.

Kwana huɗu na karatu ke nan kujerar Likita babu kowa. Laraba na ce kunya ce. Alhamis na ce ko zazzaɓi ne. Yau da safe sai ga Anti a bakin ɗakin gwaji, tana murza gefen mayafi, ta kasa kallon idona. Ita ka aiko ta faɗi abin da ka kasa faɗa. Wai yara sun kai labari gidajensu, mata sun fara tsallake shagonka, wai na tozarta ka a gari. Wai Likita ta bar makaranta ke nan, tana shago tana awo, sai ranar da na tsaya a gaban aji na sake gwajin da madarar da ka aiko, na ce ta shagonka ce, na kuma ce aidin ɗin da na yi aiki da shi rannan lalatacce ne. Ta ajiye mini gwangwanin madarar a kan tebur ta tafi, ko ruwa ba ta tsaya ta sha ba.

Abu ɗaya na yarda laifina ne. Da ban ambaci shagonka ba da babu wanda ya san inda madarar ta fito. Bakina ne ya ja, alfahari nake yi da kai. Wannan ka yafe mini. Amma me yarinya ta yi? Ni na ce a kawo abinci, ni na ɗiga, wancan macucin ya zuba gari. An bar jaki ana dukan taiki.

Sannan bari in koya maka abin da 'yan aji ɗaya ma suka sani. Aidin in ya lalace shiru yake yi. Sai ka ɗiga shi a kan shinkafa ya ƙi nuna komai. Bai taɓa yi wa abin da ba shi da sitaci ƙage ba. Ƙaryar da kake so in yi ko ƙafa ba ta da ita, kuma a gaban yaran da ni na koya musu yadda ake kama irinta kake so in yi ta.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, me ya sa kake rufa wa mutumin nan asiri? Shi ya cuce ka, ni na faɗa maka, amma ni ce abokiyar gaba. Ko tsoronsa kake ji ne? In kunya kake ji a ce an yi shekaru ana yi maka wayo, to ai kowa ana yi masa. Ka fito ka ce an cuce ka, ka zubar da buhun a gaban mutane, ka gani in matan nan ba su dawo ba.

Saura mako uku, Yaya. Makon nan za mu yi gwajin ganye, wanda ake tafasa shi a cire masa kore kafin a ɗiga aidin, kuma ba abu ne da ake koya daga littafi ba, sai hannu ya yi. Yarinyar nan ita ce ta biyu a aji. Wanda bai zauna jarrabawar bana ba sai baɗi, kuma ni da kai mun san wadda ta shekara a bayan sikeli ba ta cika komawa aji ba.

Kai ne fa ka riƙa goya ni a keke kana kai ni makaranta bayan rasuwar Baba. Kai ka tsaya a tsakar gida kana ɗan shekara goma sha tara ka ce wa su Kawu, “Auta sai ta yi karatu.” Ban manta ba, ba kuma zan manta ba. Shi ya sa abin yake ci mini rai, don da wani ne ya yi wannan aiki da kai zan kai wa ƙara.

Ban gaya wa Inna ba saboda hawan jininta, kuma na san da haka ka dogara. Ka turo yarinya gobe.

Ƙanwarka,
Auta


Asabar

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kana lafiya, don akwai abin da nake so ka karanta da idonka garau.

Jiya na je gaishe da Inna. Ta haɗa mini shayi da madarar da kake kai mata. Na ce ta sam mini cokali biyu a takarda, ta yi dariya ta ce malaman zamani har madara suke roƙo. Na tambaye ta ko ta buhun shago ce. Ta ce, “A'a, yayanki ya hana ni karɓar ta buhun gaba. Tawa da ta gidansa daban yake ajiyewa a ciki, ya ce ta fi kyau. Allah dai ya yi masa albarka.” Na ce amin, na ajiye kofin shayin.

Yau da safe na karɓi makullin ɗakin gwaji wurin mai gadi. Na tsayar da shaiduna, na gwada ta Inna, na gwada ta gwangwanin da Anti ta kawo. Duka biyun tas suke, babu ko ɗigon shuɗi.

Ashe ka sani. Mutumin da aka cuta ba ya ware wa uwarsa buhu daban. Na zauna na cika maka shafi guda ina zagin bawan Allah, na kira shi ɓarawo, na kira shi macuci, kana karantawa ka san wanda ya dace da sunan. Yanzu sai na nemi gafararsa a kan abin da bai ma san na faɗa ba. Na so a ce wawa ne kai, Yaya. Wallahi na fi son in ji an ce yayana sakarai ne ana yi masa wayo, da wannan.

Daga makaranta na wuce gidan shugaban makarantarmu, na ce masa an hana ɗaliba zuwa aji. Ya tausaya, ya ce zai rubuta takarda, amma uba uba ne, kuma kafin takarda ta je ta dawo an gama jarrabawa. Na biyo ta layinku, na tsaya a tsallaken titi wajen mai gyaran takalmi. Na hango Likita a bayan kanta, da ludayin awo a hannu, littafinta a buɗe a kan buhun sukari, tana auna wa mutane tana satar kallon shafi. Kai kuma kana zaune a bakin ƙofa kana sauraron rediyo. Ban tsallako ba, don da na tsallako da abin da zan faɗa ya kai kunnen Inna kafin in isa gida.

Ka san inda za ka kama ni, ka kuma kama. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, haka aka ce, amma ba don kai zan yi ba. Ka turo ta ranar Litinin da kayan makarantarta. Zan yi abin da ka ce.

Auta


Litinin, da la'asar

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe da Anti da yara. Kai ma ina gaishe ka, tunda ka ci nasara.

Likita ta zo. Na ga shigowarta ta taga, ta rame, ta wuce kujerarta ta gaba ta je can baya ta zauna. Na ɗauko gwangwaninka na ɗora a tebur. Na ce wannan madarar shagon yayana ce. Na dama, na ɗiga, ta zauna da launinta. Na ɗaga kwalbar na zagaya da ita layi layi don kowa ya gani ya kai gida. Sannan na ce aidin ɗin wancan makon ya daɗe a kabad, ya lalace, kuskurena ne, kowa ya goge abin da ya rubuta a kan madara. Na ji ƙarar abin goge rubutu a kan takarda arba'in da uku. Ban tsayar da shaidu ba, karo na farko tun da na fara koyarwa.

Monitar aji ta ɗaga hannu. Yarinya ce mai gilashi, ba ta barin magana ta wuce ta. Ta ce, “Malama, to in ya lalace, ya aka yi shinkafa ta yi baƙi rannan, ruwa kuma bai sauya ba?” Tambayar da na shekara uku ina koya mata ta yi ke nan. Da wata rana ce da na sa an tafa mata. Na daka mata tsawa na ce ta zauna, ba ita za ta koya mini aikina ba. Ta zauna tana kallona, idonta ya ciko.

Da aka tashi kowa ya fita, Likita ta tsaya tana wanke kwalabe, ba wanda ya sa ta. Na matsa kusa na ce ta kwantar da hankalinta, komai ya wuce, ta mai da kai ga karatu. Ba ta juyo ba. Tana wankin ta gaya mini abin da zan rubuta maka yanzu, kuma ina so ka karanta shi sau biyu.

Ta ce ita ce take haɗa garin da madarar. Tun tana shekara goma sha biyu, kowace Asabar bayan an rufe ƙofar gaba, kai kake aunawa, ita take tankaɗe garin ta juya da hannu har ya bi jiki, don ka ce hannunta ya fi naka laushi, ba ya barin gudaji. Ka ce mata maganin danshi ne, don kada madara ta dunƙule. Ta yarda da kai shekara biyar. Sai da muka fara darasin abinci ta ga yawan abin da ake zubawa ya wuce maganin danshi. Ta tambaye ka sau ɗaya, ka ce ta yi abin da aka sa ta. Da na ce a kawo abinci, akwai madarar gida a kan firji, ta bar ta, ta bi ta shago ta ɗebo ta buhun gaba. Da gangan ta yi.

Na ce me ya sa ba ta same ni a gida ta faɗa mini ba. Ta ce, “Da na faɗa miki a gida, da kin ce in yi haƙuri, babana ne. Na so babba ɗaya ya gani da idonsa ya faɗa da bakinsa. Na ɗauka ke ba za ki janye ba.” Ta kife kwalaben a kan tire, ta goge hannu, ta ce sai gobe, Malama. Tun da ta iya magana Gwaggo take ce mini, ko a cikin aji sai na harare ta take gyarawa.

Ka ɗauki yarinya 'yar shekara goma sha biyu ka sa hannunta a cikin wannan aiki, da bakin da kake kiranta Likita. Ka zauna kana gaya wa baƙi za ta warkar da mutane, ranar Asabar kuma ka miƙa mata rariya. Na yi fushi da kai a kan matan da kake cuta, amma wannan ban san sunan abin da nake ji ba. Ni kuma ka sa na tsaya a gabanta na nuna mata cewa duk gidanmu haka muke.

Na cika nawa. Saura mako biyu. In ta rasa ko rabin yini, ko ka sake kiranta ɗakin baya kafin ta ajiye biro, na rantse da kaina zan ɗauko Inna a mota in kawo ta shagon.

Auta


Alhamis

Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kuna lafiya. Wannan gajeriya ce.

Jiya 'yan ajin ƙarshe suka rubuta takardar ƙarshe ta jarrabawa. Likita ta zauna duka, ba ta rasa ko ɗaya ba. Malamin da ya tsare su ranar gwaji ya ce ita ta fara gamawa. Abin da na saya ke nan, kuma ya zo hannu.

Yau suka dawo mayar da littattafai. Na tara su a ɗakin gwaji, na ce abin da na faɗa musu a kan aidin ƙarya ne, lafiyarsa ƙalau, gwajin farko shi ne daidai. Na nemi gafarar monita a gaban kowa. Na ɗauka za a yi hayaniya, ba a yi ba. Monita ta ce, “Ai mun sani, Malama. Dukanmu mun sani.” Mako biyu ke nan suna zaune a gabana suna rubuta abin da nake faɗa, suna sane. Za su kai wannan gida kamar yadda suka kai na farko, kuma ban ce su yi shiru ba.

Likita ta biyo ni gida da jakar kayanta. Tana nan, ta ci abinci, na shimfiɗa mata a ɗakin yara. In kana son 'yarka ka zo da ƙafarka, kada ka aiko Anti, ta sha aike ya isa.

In za ka zo ka taho da amsa, don ta yi mini tambayar da ta fi ƙarfina. Muna tsinke alayyafo a tsakar gida ta ce akwai yaran da take gani a shago goye a bayan iyayensu tun suna jarirai, wasu har yau wuyansu kamar zare. Ta ce, tunda hannunta ne yake juyawa shekara biyar, alhakinsu a kanta yake ko a kanka? Na buɗe baki zan ce mata babu ruwanta, yarinya ce, sa ta aka yi. Ta ɗago ta dube ni ta ce, “Kada ki faɗa don ki kwantar mini da hankali. Na ga kin iya.”

Ko gaskiya na faɗa mata yanzu ba za ta karɓa daga wurina ba. Kai ka auna garin, kai za ka amsa mata.

Ka gaishe da Anti da yara. Allah ya shirye mu.

Ƙanwarka,
Auta